Gwangwanin Dalma na Hedley Trenear

Cikakken sunansa Hedley Ross Trenear, kuma Ivo Garbin, mai gyaran bindigogi a garin Meekatharra, ya fara saninsa ne a watan Mayu na shekarar 1984. Da hantsi ya shigo shagon, dogo, busasshe, hularsa ta sha gumi har ta koma launin ƙasa. Bai yi gaisuwa ba. Ya kwantar da bindigarsa a kan teburin aiki, ya zare sakatarta ya ajiye a gefe don mai shago ya ga babu harsashi a ciki, sannan ya ce:

"Kai ne maƙerin?"

"Ni ne mai shagon. Maƙeri yana bayan gidan mai, idan takalmin doki ka zo nema."

"Wannan kunamar nake so ka cire mini. Kafin ta faɗi sai na yi ta ja kamar mai jan guga. Kafin nan jakin ya gama shan ruwa, ya koma gida, ya haifi 'ya'ya."

Ivo ya gwada ta da yatsa, ya ji gaskiyar mutumin. Kunamar kamfani ce, wadda aka haɗo bindigar da ita, nauyin janta ya haura laba biyar, kuma tana tafiya da ƙaiƙayi kamar ƙofar da tsatsa ta ci.

An haifi Hedley a garin Cue a 1941. Mahaifinsa mai haƙa rijiyoyi ne a gandayen shanu da na tumaki, mahaifiyarsa kuwa ta rasu yana da shekara tara, daga nan ya bar makaranta ya bi uban cikin daji. Karatunsa bai wuce haɗa baƙaƙe a hankali da yatsa ba. Abin da ya iya shi ne harbi. Jakai da raƙuma, waɗanda aka saki tun lokacin da motoci suka karɓe dako, sun hayayyafa a dajin har sun zama annoba: su karya shinge, su fasa kwamin ruwa, su shanye abin da aka tanadar wa shanu. Idan abin ya ishi mai gandu sai ya kira maharbi, kuma a wannan yanki idan an ce maharbi, Hedley ake nufi. Ya taɓa yin aure. Matar ta jure shekara shida tana jiran mutumin da ke zuwa gida sau huɗu a shekara, sannan ta ɗauki 'yarsu Raelene ta koma bakin teku. Bai taɓa zaginta ba. Ya ce da shi ne ita, da bai kai shekara biyu ba.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma a kanta ya gina duk girman kansa: harsashi ɗaya, a ka, dabba ta faɗi ba ta san abin da ya same ta ba. Ba ya jin daɗin kisan, ba ya kuma neman gafarar kowa a kansa. Amma dabbar da aka yi wa rauni ta gudu da shi, wannan a wurinsa abin kunya ne da ya fi sata.

A aljihun teburin Ivo akwai wata kunama da ya yi wa wani odarta daga ƙetare, mai ita bai dawo ɗauka ba. Ba ta kamfanin bindigar ba ce, wani ƙaramin gidan ƙira ne ke yin irinta don a maye gurbin ta asali. Girmanta bai fi kwalin ashana ba, akwatin ƙarfe ne a rufe, da ƙananan sukurori uku na saiti. A ciki akwai haƙoran ƙarfe biyu da ke riƙe juna a kan wani gefe da faɗinsa bai fi gashi biyu ba. Duk ran bindigar yana rataye ne a wannan gefen. Ivo ya ɗaura ta, ya saita ta a laba biyu, sannan ya leƙa cikin gida ya karɓo kwalbar jan farce daga wurin matarsa Marica, ya ɗiga a kan kowane sukuru, yadda idan wani ya taɓa saitin za a gani.

Hedley ya ɗana bindigar babu harsashi, ya taɓa kunamar. Ta faɗi kamar an karya tsinken ashana, babu ja, babu jira. Ya sake. Ya sake. Can ya ɗago kai.

"Ka aurar mini da 'yarka ke nan, maƙeri."

"To ka riƙe ta da mutunci. Kada ka kuskura ka sa mata mai. Mai da jar ƙasar nan idan suka haɗu, taɓo suke zama. Farin fetur za ka riƙa zuba mata, ka hura, ka bar ta a bushe."

Daga ranar Hedley bai sake kiransa da wani suna ba sai Suruki. Ivo da Marica ba su taɓa haihuwa ba, kuma da wani ne ya yi wannan wasan da an yi faɗa. Amma Marica ta yi dariya har ta riƙe ƙofa, sai sunan ya zauna.

Kafin Hedley ya tafi, Ivo ya ɗauko gwangwanayen madara biyu, ya cika su da gutsattsarin dalma, ya auna su a sikeli har suka yi daidai da juna, kowanne laba biyu ba kaɗan, ya ɗaura wa kowanne ƙugiyar waya. Ya nuna masa yadda ake yi. A tsai da bindiga bakinta sama, babu harsashi, a ɗana ta, a maƙala ƙugiyar a kunama, a ɗaga a hankali. Kunama mai lafiya za ta ɗauke gwangwanin daga ƙasa ba ta faɗi ba. Idan aka ɗora harsashi biyu a kan murfin, sai ta faɗi. Idan kuwa ta faɗi tun gwangwanin bai bar ƙasa ba, to haƙoran ba su riƙe juna yadda ya kamata, kuma bindigar ta zama abokiyar gaba. Ɗaya gwangwanin ya bi Hedley cikin mota, ɗayan ya hau kanta a shagon.

Sauran maharba sun yi masa dariya a mashaya. Suka ce wannan kunamar 'yan gayu ce, ta masu harbin takarda ranar Lahadi. Ta kamfani, in ji su, ko da nauyi a buɗe take, ƙura ta shiga ta sama ta fita ta ƙasa, amma wannan akwatin idan ya haɗiyi ƙura sai ya riƙe. Ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. Mutum uku a cikinsu sun sayi irinta daga baya, suka yi mata wanka da mai kamar yadda suke yi wa komai, kuma kafin shekara ta zagayo ta ɗaya ta daskare, ta ɗaya ta fara tashi da kanta. Suka dawo da ta kamfani suna zagi. Aka ce ta Hedley ma ba za ta wuce wata shida ba. Da wata shida suka wuce aka ce ba za ta kai shekara ba.

Shi kuwa yana can yana abin da aka ce ya yi. Kowace yamma kafin rana ta faɗi sai ya shimfiɗa tsumma a ƙofar bayan motarsa, ya raba ƙarfen da katako, ya zuba farin fetur, ya hura, ya mayar. Kowace safiya kafin ya ɗora shayi sai ya yi abin da yake kira gaisuwa: ya buga sakata da ƙarfi sau uku, ya doka gindin bindigar a tayar mota sau uku, sannan ya rataya gwangwani. Babu mai kallonsa. Wani lokaci yakan yi sati biyar bai ji muryar ɗan Adam ba sai ta rediyon mota. Amma ko ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi a bakin wani busasshen rafi, ya ce sai da ya rarrafa ya yi gaisuwar sannan ya koma ya kwanta.

Bututun bindiga yana da iyakar harbin da zai iya ɗauka kafin cikinsa ya side. Hedley ya cinye bakwai a kan kunamar nan guda, na takwas ne a jiki. Duk bututun da ya mutu sai Ivo ya kafa shi a bayan gida ya ɗaure tumatir a jikinsa. Masu dariyar nan kuwa ɗaya bayan ɗaya suka bar sana'ar, wasu suka shiga aikin ma'adinai, wasu ƙasa ta rufe su, kunamar tana nan tana faɗuwa a laba biyu.

Sau biyu a shekara yake zuwa gari: a Afrilu idan zafi ya fara sauka zai shiga daji, da Nuwamba idan zafi ya koro shi, domin a wannan ƙasa daga Nuwamba zafi ke kamawa, sanyi kuwa a tsakiyar shekara. Kowane zuwa kwana biyu yake yi, a barandar Ivo yake shimfiɗa bargonsa domin ya ce rufin ɗaki yana danne masa ƙirji. Ba su cika magana ba. Ivo ya buɗe kunamar ya duba da gilashin ƙara girma, Hedley ya zauna a kan akwati yana murza taba, yana kushe shayin, yana kushe ruwan inabin da Ivo ke matsewa da kansa, yana kuma miƙa kofi a ƙara masa. Marica ta rasu a 1991. Bayan ita, gidan ya yi wa Ivo faɗi, masu kawo gyara suka ragu, kuma ba tare da ya taɓa faɗa wa kowa ba, kwanakin nan huɗu suka zama abin da shekararsa ke rataye a kai. Tun tsakiyar Maris yake fara jin kowace ƙarar mota. Kwalbar jan farcen ma tana nan, idan ta yi kauri ya tsinka ta, bai taɓa sayen wata ba.

Sai jirage masu saukar ungulu suka shigo aikin. Abin da Hedley zai yi a wata guda, su sukan gama shi a yini biyu. Gandaye suka daina kiransa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura guda: na Noelene Pascoe, wata gwauruwa mai kaifin baki da ke riƙe da gandun marigayi mijinta, tafiyar awa shida arewa maso gabas. Ita ta ce ba ta son ƙarar jirgi a kan shanunta, kuma ta ga yadda ake barin dabba tana shure-shure idan an harbe ta daga sama. Muddin Noelene tana buɗe masa ƙofa, Hedley maharbi ne. Ranar da ta rufe, ya zama tsoho mai tsohuwar mota.

Ranar Litinin, tara ga Yuli na 2007, tsakiyar sanyi kuma tsakiyar aiki, wayar shagon ta yi ƙara.

"Ivo, Noelene ce. Surukinka ya kusa mai da ni gawa da safen nan."

"Me ya faru?"

"Raƙuma suka zo har kwamin bayan gida. Ya ɗauko bindiga, ya sa harsashi, ya rufe sakata, sai ta tashi. Tankin da nake tsaye a jikinsa yanzu haka yana fitsari ta gefe biyu. Taki ɗaya ne tsakanina da ramin."

"Yatsansa..."

"Bai ko kusanci kunamar ba, ina kallonsa. Ka saurare ni da kyau. Shi ya ce ƙarfen ne ya gaji. Idan haka ne, ka canza shi, ka rubuto mini a takarda da sa hannunka, ya dawo ya ƙarasa aikinsa, ni ma in toshe tankina. Idan kuwa ba ƙarfen ba ne, to ba zai sake shigo mini gida da bindiga ba. Ina ƙaunar tsohon nan, amma ina da ma'aikata masu iyali. Gobe da safe zai iso wurinka."

Washegari da hantsi motar ta tsaya a ƙofar shago. Hedley ya shigo kamar yadda ya shigo shekara ashirin da uku da suka wuce, ya kwantar da bindigar, ya zare sakata. Sai dai wannan karon bai dubi Ivo ba.

"Suruki, 'yarka ta tsufa. Haƙoranta sun zube."

"Ita ce ta tsufa, kai kana nan yaro ɗanye. Zauna, sarkin jakai, shayi yana kan wuta."

Ivo ya raba ƙarfen da katako, ya jawo fitilar aiki, ya sa gilashi a ido. Cikin akwatin tsaf yake, a bushe, ko ƙwayar ƙura babu. Haƙoran biyu sun yi sheƙi saboda gogayyar shekaru, amma gefensu yana nan da kaifinsa kamar ranar da aka ƙera su. Ya juya akwatin ya dubi sukurorin. Ɗaya yana ɗauke da jan farcen Marica, mai duhu kamar 'ya'yan inabi. Biyun kuwa, na nauyi da na riƙon haƙora, jansu mai haske ne, ya ɗan karkata zuwa ruwan lemo. Fentin da ake yi wa shanu alama ne.

Ya ajiye gilashin. Ya mayar da komai yadda ya same shi, ya ce, "Kana yin gaisuwarka dai?"

"Kowace safiya. Jiya ma na yi."

"Ɗauko gwangwanin mu gani."

Hedley ya fita ya ɗauko. Gwangwanin ya yi baƙi, ya lotse ta ko'ina. Ya tsai da bindigar, ya maƙala ƙugiya, ya ɗaga. Kunamar ta ɗauke shi daga ƙasa ba ta faɗi ba.

"Ka gani? Tana ɗauka. Shi ya sa na ce maka a ciki ciwon yake."

Ivo ya miƙa hannu ya karɓi gwangwanin. Tun kafin ya gama karɓa hannunsa ya gaya masa nauyin ya ragu. Ya taka kujera ya sauko da ɗan'uwansa daga kanta, ya hure ƙurar da ke kai, ya riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu. Sannan ya sake ɗana bindigar, ya maƙala nasa, ya fara ɗagawa. Wayar ba ta ma gama miƙewa ba kunamar ta faɗi. Gwangwanin bai motsa daga ƙasa ba.

Butar shayi tana huci. Ivo ya zuba kofi biyu. Hedley ya karɓi nasa da hannun dama, shayin ya fara rawa yana taɓa bakin kofin, sai ya yi sauri ya tallafa da hagu. Ivo ya ga wannan tun zuwan Afrilu. A lokacin ya gaya wa kansa yunwa ce.

"Sanyi ne," in ji Hedley.

"I, ana sanyi."

Suka sha shayin har ya kusa ƙarewa. Can Hedley ya fara magana yana kallon bango.

"Bara ne, wajen Agusta. Idan na ɗora, sai alamar saiti ta riƙa yawo a goshin dabbar. Tana bi ta wurin da nake so, amma ƙiftawar ido ce. Kafin in ja laba biyu ta wuce. Wata jaka ce, tana da ciki ma. Na same ta a muƙamuƙi. Yini guda na bi ta a ƙafa, Suruki, tana tafe bakinta yana lilo, ta zo ruwa ta kasa sha. Sai da rana ta kusa faɗuwa na gama da ita." Ya juya kofin a hannu. "Na ce idan na rage nauyin kaɗan zan riƙa kama alamar tana wucewa. Kuma na kama. Ban sake yi wa wata rauni ba."

"Gwangwanin fa?"

"Washegari ya ƙi ɗaukuwa. Na zauna ina kallonsa. Shekara ashirin da biyu ban taɓa ɗora shayi ba sai ya ɗauku. Sai na buɗe murfin na cire dalma ɗaya." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Bayan wata biyu rawar hannun ta ƙaru, na sake juya sukuru, na sake cire wata. Kowace safiya ina gaisuwa, kowace safiya tana amsawa. Har na fara yarda."

Ivo ya tashi ya tafi wurin teburinsa na rubutu. Ya daɗe a tsaye ya ba Hedley baya. Shekara arba'in yana sa hannu a takardun bindigogi bai taɓa rubuta abin da idonsa bai gani ba. Amma ya hango Nuwamba, ya hango barandar babu bargo, ya hango Afrilu bayanta. Ya gaya wa kansa cewa zai mayar da saitin laba biyu, ya rufe shi da abin da ba ya kankaruwa, bindigar ba za ta sake tashi da kanta ba, Noelene ba ta cikin haɗari. Duk wannan gaskiya ne. Ya zauna ya rubuta, ya sa hannu, ya kawo.

Hedley ya bi layin farko da yatsa, ya gaji. "Karanta mini. Rubutunka kamar tafiyar kaza."

Ivo ya karanta: cewa ya duba bindigar Hedley Trenear, ya tarar haƙoran kunamar sun side saboda yawan aiki, ya sa sabuwa, kuma laifin na ƙarfe ne.

Hedley ya saurara har ƙarshe. Ya ninke takardar ya sa a aljihun riga. Sannan ya ce, "Mayar da ita laba biyu. Mu je ramin tsakuwa."

Ivo ya kankare fentin shanun, ya saita sukurorin da nasa gwangwanin, ya ɗiga jan farce. Suka shiga mota suka fita bayan gari, inda tsohon ramin tsakuwa yake. Ivo ya auna taki ɗari, ya kafa kwali, ya zana da'ira mai faɗin tafin hannu, daidai wurin da ake nema a kan jaki. A da, harsashi biyar na Hedley kwabo ɗaya yakan rufe su. Hedley ya ɗora bindigar a kan buhun yashi a ƙofar mota kamar yadda ya saba, ya yi numfashi, ya harba biyar. Tsakanin na huɗu da na biyar ya daɗe ƙwarai.

Suka taka tare suka je. Biyu a cikin da'irar. Ɗaya a bakin layi ta waje. Biyu can ƙasa, inda muƙamuƙi zai kasance.

"Iska ce," in ji Ivo.

"Wace iska? Hayaƙin tabata a miƙe yake tashi. Ungo, kai gwada."

"Ni da idon nan? Rabona da harbi tun..."

"Gwada, Suruki."

Ivo ya gwada uku. Shi ba maharbi ba ne, bai taɓa zama ba. Duka ukun suka shiga da'irar, biyu suna taɓa juna. Hedley ya sa yatsa a ramukan, ya gyaɗa kai, kuma abin da Ivo ya gani a fuskarsa ya fi kama da alfahari.

"Ka ga 'yarka ko? Bututu takwas."

A shago Hedley ya ciro takardar ya shimfiɗa ta a teburin aiki, ya danne da tafin hannu.

"Ka ce haƙoranta sun side. Ɗauko gilashinka ka nuna mini wurin."

"Hedley, ka bari. Ka kai wa matar nan takarda ka ƙarasa shekarar. Bayan nan sai mu ga abin da likita zai ce."

"In ƙarasa da me? A laba biyu ina fasa muƙamuƙi, a ƙasa da haka ina fasa tanki. Wanne kake so in je in yi?" Ya tura takardar gaban Ivo. "Kuma ka san Noelene. Kafin yamma ta karanta wannan a rediyon da gandaye ke magana da juna, duk wani ɗan iskan da ya rage da rai daga nan har garin Newman zai ce, ai mun faɗa tun tamanin da huɗu, kunamar 'yan gayu ce. Ba zan ba su wannan ba. Ba ta yi komai ba. Ni na taɓa ta."

"Ni fa na rubuta, ba kai ba."

"Na sani. Na kuma san dalili. Yage ta, Suruki, kafin in fara jin kunyarka."

Ivo ya yage ta gida huɗu ya jefa a murhu. Hedley ya jawo wayar shagon ya sa Ivo ya buga masa lambar. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba. Ya ce, "Noelene, ba ƙarfen ba ne. Ki kira masu jirgi. Tankin kuma ki sa masa ƙusa da roba ta ciki, zai riƙe." Ya saurara, sannan ya ce, "Haba, daina, ke da ba kya kuka ko a jana'iza," ya ajiye.

Daga nan ya laluba aljihun wandonsa ya fito da tsohon gwangwanin taba. Ba taba ce a ciki ba. Gutsattsarin dalma ne guda goma sha ɗaya, duk wanda ya cire bai jefar ba. Ya buɗe murfin baƙin gwangwanin ya mayar da su ɗaya bayan ɗaya, biyu suka kuɓuce masa Ivo ya tsinto. Ya ɗora shi a sikeli kusa da ɗan'uwansa, suka yi daidai. Ya miƙa wa Ivo ya ce a ajiye su tare a kanta.

"Bindigar kuma ka shigar da ita a takardunka. Bututun ka ba tumatir. Ita kuwa kada ka sayar wa mai sa mai."

"Ka kwana mana. Na yanka nama, ga inabin bara."

"Inabinka da ke cire tsatsa? Raelene ta daɗe tana cewa akwai ɗaki a bayan gidanta a Geraldton. Idan na kama hanya yanzu zan ci rabi da sauran rana. Idan na kwana a barandar nan, gobe arewa motar za ta juya da kanta."

Ivo ya raka shi har bakin mota. "Nuwamba fa?"

"Me zan kawo maka a Nuwamba?"

"Kanka, tsohon banza."

Hedley ya dube shi sosai, karo na farko a wannan yini. Ya miƙo hannun daman, Ivo ya riƙe shi da hannu biyu, ya ji yadda yake rawa a cikin nasa kamar tsuntsun da aka kama. Sannan motar ta fita kan kwalta ta juya kudu.

Nuwamba ta zo, Ivo ya share baranda. A Kirsimeti kati ya iso da rubutun Raelene, tana cewa babanta yana lafiya, yana zama a bayan gida yana kushe teku. A ƙasan katin akwai harafin H guda ɗaya, layukansa a karkace. Shekara ta gaba ma an aiko. Ta uku ba a aiko ba. Ivo ya sha cewa zai shiga bas ya je, tafiyar yini guda ce kawai, amma bai san abin da za su ce wa juna ba idan babu bindiga a kan tebur tsakaninsu, kuma yana zaton Hedley ma bai sani ba. Kunamar tana cikin aljihun teburin da ta fito, a naɗe cikin busasshen tsumma, jan farcen yana kan sukurorinta uku.

Ganinsu na ƙarshe da juna shi ne ranar Talata, goma ga Yuli, 2007.